'Yar Tsanar Koyon Wankan Gawa

Tun rasuwar Yaya Khadija, Hajiya Indo kaɗai ta rage mai wankan gawar mata a layinsu na Gyaɗi-Gyaɗi. Gwiwoyinta sun gaji, bayanta ma haka. Ta nemi matan layin su zo ta koya musu, kowacce da uzurinta. Wata ta ce mai shayarwa ba ta taɓa gawa, wata ta ce koyon kamar kiran mutuwa ne cikin gida. Hajiya ta tsufa tana koyar da fiƙihu a makarantar 'yan mata, ba ta taɓa cin karo da wannan a littafi ba. Mutuwa kuwa ba ta fasa shiga gidajen waɗanda ba su koya ba.

Damuwarta ɗaya ce: ranar da aka shimfiɗe ta, wa zai wanke ta yadda ya kamata?

Ko da wasu sun zo, ba wadda za ta yarda ta kwanta a gwada da ita. Don haka ta hau adaidaita sahu zuwa Tarauni, gidan 'yarta Hauwa, mai firintar nan da ke narka roba ta fitar da siffar abu. Da ita take yin kayan rabon biki.

"'Yar tsana nake so, kamar kamu ɗaya," in ji Hajiya. "Ba ido, ba hanci. Amma wuya ya juya, gwiwa ta lanƙwashe, hannu ya ɗagu."

"Umma, wace jikar za ki tsorata da ita?"

"Ba ta wasa ba ce. Wanka za a koya."

Hauwa ta gane wane wanka. Ita ma ta daɗe tana zillewa, kullum sai ta ce a bar wannan zancen, ba yanzu ba. Ta ja kwamfuta ta soma zane.

Aikin ya ja kwanaki. Gaɓa-gaɓa injin yake fitarwa, in an ɗauke wuta ana tsakiyar cinya sai a sake daga farko. Ranar haɗawa Hajiya ta dawo, ta zauna a tabarma tana kallon Hauwa na zura igiyar roba ta cikin ƙafafu da ƙirji, ta ja ta ɗaure a wuya. Hauwa ta tsayar da 'yar tsanar, ta tsaya ƙyam. Ta ɗaga mata hannu, hannun ya tsaya a sama.

"Soja kika yi min," in ji Hajiya.

"Haka ake yin su, Umma. Duk masu sana'ar cewa suke wadda ba ta riƙe tsayuwa ta lalace."

"Su masu rai suke kwaikwayo. Gawa ba ta taya ki komai. Kin ɗaga hannu, ke za ki riƙe shi. Kin juya ta, duk nauyin naki ne. Sassauta igiyar."

Hauwa ta kwance ƙullin ta sassauta. Kan ya langaɓe ya faɗo a kan wuyan hannunta, ƙafafun suka zube. Ta tsaya tana riƙe da ita.

Hajiya ta buɗe leda. "Kawo, in tafi kafin la'asar. Ko mutum biyu suka zo, na gode Allah."

"Kar ki cusa ta a leda haka."

Hauwa ta ɗauko farin ƙyalle ta shimfiɗa, ta kwantar da ita, ta rufe ta daga ƙirji zuwa gwiwa. Ba ta ɗago ta dubi uwarta ba.

"Ta wane gefe ake farawa?"

"Dama. Amma alwala tukuna. Tallafi kan, kar ya bugi ƙasa."

Hajiya ta ajiye ledar, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafunta a hankali.

"Ki kuma rage sauri," ta ce. "Ni ba na son a fizge ni."