Yunit Biyu

Jarrabawa ɗaya ta rage wa Khaulat ta gama digirinta na tattalin arziki da gudanar da kasuwanci. Ta ƙididdiga ce, ranar Laraba ƙarfe goma na safe. Ƙarfe bakwai da kwata tana zaune a bakin gado a ɗakin kwanan ɗalibai tana bitar ƙarshe, sai yayanta Mudassiru ya kira.

"Ki taho gida yanzu. Baba ne."

"Me ya same shi?"

"Ya je buɗe ruwa a gonar tumatir, aka tarar da shi kwance a bakin kwalbati. Rai ya yi halinsa. Bayan azahar za a kai shi."

Ta sa biro da katin shaidarta a jaka, ta ɗauki hijabi, ta fita. Sai da motar Kura ta wuce Kwanar Dawaki sannan ta tuna ba ta faɗa wa kowa ba.

A ƙauyensu, tsakanin Kura da Bunkure, ta tarar gida ya cika. Ba ta yi kuka ba. Mata suna ta yaba tawakkalinta, ita kuwa kwanukan baƙi take tarawa tana wankewa, wasu ma har sau biyu.

Bayan sadakar bakwai ta koma jami'a wajen Dakta Hammadu, malamin da ke kula da 'yan ajin ƙarshe. Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya juyo da kwamfutarsa don ta gani.

"Kin ga nan. Duk kwasa-kwasan zaɓi kin cinye, aikin bincikenki ya yi kyau, makinki ya isa har ya yi yawa. Amma wannan na dole ne. Yunit biyu ne kawai, sai dai ba a ba da digirin nan sai da shi."

"Malam, ba za a ba ni in rubuta ni kaɗai ba?"

"Na kai maganar gaban kwamiti tun kafin ki zo. Da kin sanar kafin a shiga, da akwai abin yi. Yanzu sai kin sake rajista, kuma a zango na biyu kaɗai ake koyar da shi."

"Wato baɗi."

"Baɗi, in Allah ya kai mu."

Ya jira ko za ta roƙe shi, ko ta fashe da kuka kamar yadda ɗalibai ke yi a kujerar nan. Ta dubi wani ƙunshin takardu da ke kan kabad ɗinsa, ta ce, "To, na gode, Malam." Ta miƙe.

Da ta faɗa a gida, Mudassiru ya tashi tsaye. "Shekara guda saboda takarda ɗaya? Gobe zan je da kaina. Uba ne fa ya rasu!"

"Yaya, ka bari. Ƙa'ida ce."

Inna tana takaba a ƙuryar ɗaki, carbi a hannunta. Cewa kawai ta yi, "Kin dai ci abinci?"

Tumatir ya nuna gaba ɗaya a makon nan, motocin kudu ba su zo da yawa ba. Khaulat ta shiga cikin mata masu yankawa ana shanyawa a fako. Tun hantsi take zama da wuƙa har la'asar, hannuwanta suka yi ja suka tsattsage. Ba ta damu ba. Ƙawarta Asta, wadda ta riga ta gamawa, ta turo hotuna daga sansanin masu bautar ƙasa, sanye da kaki tana dariya. Khaulat ta rubuta mata "Masha Allah", ta ci gaba da yanka.

Wata rana kafin damina Mudassiru ya tsuguna kusa da ita. "Baba kullum cewa yake in kin gama za ki faɗa mana dalilin da ya sa duk ranar da muka ɗebe, ranar farashin kaya ke faɗuwa. To ni yanzu faɗa min."

"Kowa lokaci ɗaya yake shukawa, lokaci ɗaya yake ɗiba," ta ce, idonta na kan wuƙa. "Ka raba gonar uku, ka bar sati uku-uku tsakanin dashe."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya miƙe ya tafi.

Da zango na biyu ya zagayo, duk Talata takan hau mota da sassafe ta je aji na awa biyu, ta dawo kafin la'asar. Tana zama a bencin baya cikin waɗanda a da suke kiranta Anti. Wata ta tambaye ta ko faɗuwa ta yi. Ta ce eh, don ya fi sauƙin faɗa.

Ranar jarrabawar ta kashe wayarta tun asuba. Ta gama amsa tambayoyin saura minti arba'in, ta zauna tana kallon fanka har aka ce a ajiye biro.

Sakamakon ya fito ne lokacin yankan shinkafa. Tana bakin masussuka tana riƙe wa masu aiki buhu, saƙon Dakta Hammadu ya shigo: ta ci, sunanta ya shiga jerin masu kammalawa. Ta karanta sau biyu. Ta jira buhun ya cika, aka ɗinke, sannan ta kama hanyar gida ta gefen babbar hanyar ruwa.

Ta sami Inna a tsakar gida tana tsince wake.

"Inna, na gama."

Inna ta ajiye faifan. Ta fara hamdala, muryarta ta karye, ta rufe fuska da gefen mayafi. Khaulat ta tsaya a kanta tana jira ita ma ta ji wani abu. Ƙaiƙayin shinkafa kawai take ji a wuyanta.

"Gobe ki shirya ki je Bunkure ki faɗa wa gwaggonki Saude da bakinki," in ji Inna bayan ta share ido. "Kada ta ji a waya."

"To."

Ta ɗauki bokiti ta nufi rijiya.