Filin da Ake Gani Daga Zaune

Duk wanda ya san Masta Ishawu a unguwar Morrisania da ke Bronx ya san shi da gardama. Bakanike ne tun daga Magazin, unguwar bakanikai ta Kumasi, shekara talatin hannunsa cikin baƙin mai, kuma bai taɓa jin ƙarar inji ya kama bakinsa ba. Yana tsakiyar cin tuwo mota za ta wuce a titi, sai ya ajiye loma ya ce wa matarsa Tahiratu, "Kin ji? Wannan fambel ɗinta ya kusa tsinkewa." Gishirin miya ma sai ya tanka. Tahiratu ta sha cewa in Allah ya ba ta yini ɗaya tal da mutumin nan zai yi shiru, sai ta yi sadaka.

To, an ba ta yinin, har da ƙarin da ba ta roƙa ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi wata safiya yana ɗaura takalmi. Ya fito asibiti a keken marasa lafiya, hannun hagu ba ya ɗaguwa, magana tana fita da ƙyar. Likitoci sun ce jiki yana dawowa, kuma gaskiyarsu ne. Amma gardamar ta tafi. Me za ka ci? "Duk abin da kika dafa." A buɗe taga? "Yadda kika gani." Wata goma sha ɗaya ke nan ana haka. Tahiratu kuwa aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, shekara goma sha takwas tana yi, ta san irin wannan shirun, ta kuma ga inda yake kai mutum. Tsoro ya cika ta.

A bayan garejin da yake aiki a da, akwai wata 'yar mota koriya lulluɓe da tamfol, tsohuwar Mazda mai kujera biyu. Shekara shida Ishawu yana haɗa ta da hannunsa, noti ɗaya bayan ɗaya. Burinsa ya kai ta filin tsere a irin ranakun nan da ake buɗe wa kowa, ba gasa, ba kofi, ka zo da motarka ka zaga, in kai sabon shiga ne a zaunar maka da malami a gefe. Saura mako uku ya je ciwon ya same shi.

Wata Lahadi da rana amininsa Gafaru, direban tasi, ya zo dubiya. Ishawu yana kallon bango ya ce masa, "Motar nan, ka nemi mai so a ba shi."

Tahiratu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ba inda za ta. Ni zan tuƙa ta."

Gafaru ya yi dariya har da tari. "Ei, Mma Tahiratu! Ke? Ke da bas take yi wa hon a titin Grand Concourse?"

Ba ƙarya ya yi ba. Tahiratu in tana tuƙi, mai keke ma wuce ta yake yana waige. Amma ta iya mota mai giyar hannu, Ishawu ne ya koya mata tun a Kumasi, da ihu da komai. Ta juyo ta zuba wa mijinta ido, tana jiran ya taso mata, ya ce ta yi hauka, ya ce ko mabuɗin ba za ta taɓa ba.

"Yadda kika gani," in ji shi.

A nan ta ƙudura, ko sama da ƙasa za su haɗe sai mutumin nan ya ga motarsa tana gudu da idonsa.

Sauran aiki, a zaɓi fili. Gafaru tuni ya naɗa kansa shugaban kwamiti. Ya ce ai ba wani dogon tunani, akwai babban filin nan da ake nunawa a talabijin, tafiyar awa huɗu da wani abu, can za a je a yi ta ta ƙare. Tahiratu ta ce sai ta gani tukuna. Ranar hutunta ta ɗauko tef ɗin awo na ɗinki, ta auna keken Ishawu daga ƙasa zuwa mazauni, ta bi kujerun gidan ɗaya bayan ɗaya har ta sami wata ta ƙarfe mai ninkewa da tsayinsu ya zo ɗaya. Ta jefa ta a but ɗin tasin Gafaru.

"Wannan fa?"

"Ja mu je."

Filin Gafaru babba ne ba laifi. Kwanonin hanyar goma sha wani abu, hawa da gangara, katangar ƙarfe tana bin gefen hanya kurkusa, motoci suna wucewa da ƙarar da ke shiga har haƙori. Gafaru ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. "Ei, dubi wannan! Dubi wannan!" Tahiratu ta buɗe kujerarta a wurin 'yan kallo, ta zauna, ta gyara mayafi. Wata jar mota ta ɓullo. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta shige cikin itatuwa. Aka yi minti biyu ba ta, sai kukan injinta daga nesa. Ta ninke kujera.

"Har mun gama?" in ji Gafaru.

"Daƙiƙa huɗu. In ɗauko mutum tun daga Bronx, awa huɗu yana jijjiga a mota, don ya ga motarsa daƙiƙa huɗu? Kuma ka dubi katangar nan. In na kuskure kwana ina zan nufa?"

Gafaru bai daina ƙunƙuni ba har suka hango gadar George Washington, gab da gida.

Da ta koma gida ta buga wa ƙungiyar da ke shirya ranakun waya. Wata mata mai kakkausar murya ta ɗauka, ta ce ita ma malamar tuƙi ce. Ta ce wa Tahiratu sabon shiga abu biyu yake dubawa: kwanoni su zama kaɗan yadda kai zai riƙe su, kuma bayan kowace kwana ya zama ciyawa ce, don in mota ta zarce ta sami wurin tsayawa lafiya. Ta kwatanta mata wani fili da aka yi a tsohon filin jirgin sama, shimfiɗe, mai faɗi, ta ce duk ƙasar nan ba kamarsa ga mai koyo.

Suka je. Wallahi Tahiratu tana ganinsa ta ji zuciyarta ta kwanta. Ciyawa ko'ina, iyakar ganinka. Mutum ko idonsa a rufe ya saki hanya, sai dai ya firgita tsuntsaye. Gafaru ma da ya zo da niyyar kushewa ya ce, "Nan kam ko ke ba ki iya kashe kanki." A tsaye ana ganin komai. Sai ta buɗe kujera ta zauna, filin ya ɓace ɗungurungum. Shingen siminti da tarin tayoyi ne a gabanta daidai ido, motoci suna wucewa ba abin da take gani sai saman rufinsu.

Ta ja kujerar gaba, ta ja ta baya, ta kai ta can ƙarshen shingen. Duk ɗaya. Ta daɗe a zaune. Ita fa tsoro take ji, tsoron gaske, tun ranar da ta furta maganar nan a kicin, kuma ga filin da zai raba ta da tsoron. Gafaru ya ce ai sai a ɗaga Masta a tsayar da shi, a riƙe shi ta hammata.

"Minti ashirin ina zagaye, maza biyu suna riƙe da shi a gaban jama'a? Ba ka san abokinka ba ke nan." Ta ninke kujera, ranta ba daɗi.

Ta sake kiran matar nan, wannan karon ta faɗa mata gaskiyar magana, cewa mijinta daga keken marasa lafiya zai yi kallo. Matar ta ce shekara ashirin tana wannan aiki ba wanda ya taɓa tambayar ta me ake gani daga zaune. Ta ce akwai wani ɗan ƙaramin fili a cikin kwari, tafiyar awa biyu da rabi, manyan direbobi raina shi suke. Kwanoninsa tara, ciyawa a bayan kowace. Sai dai akwai gangara ɗaya da ke tsinka wa sababbi zuciya.

Ranar da suka je ana yayyafi. A saman tudu, kusa da rumfar mai sayar da abinci, akwai wani dakali na siminti da hanya mai santsi ta kai har kansa, ba matakala. Tahiratu ta buɗe kujera a kai ta zauna. Ga fili nan kwance a ƙasa baki ɗayansa kamar faranti. Ta bi wata farar mota da ido, tana ƙirga kwanoni da yatsa. Takwas ta gani, ɗaya ce kawai ta ɓuya a bayan wata bishiya. Ta dubi gangaren da kyau. Ta leƙa banɗaki ta auna faɗin ƙofa da tef, ta dubi inda rana za ta faɗo da azahar, ta tambayi mai abinci ko zai bari a kafa laima.

"Nan ne," ta ce.

"Wannan ɗan tsurut ɗin?"

"Gafaru, zauna a nan." Ya zauna. Ya bi filin da kallo, ya gyaɗa kai.

Ranar ta zo cikin watan Yuni, Asabar, gari garau. Abokan aikin Ishawu sun duba motar, sun sa mata sababbin tayoyi da birki. Gafaru ya aro babbar mota mai ɗaukar keke, Tahiratu ta cika kula da shinkafa da wake da miyar yaji ta shito da dafaffen ƙwai, abincin da zai ishi mutum goma. Ishawu bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Aka kafa shi a dakalin, laima a kansa.

Malamar da aka ba ta ashe matar wayar ce, 'yar tsohuwa mai farin gashi, gajera, ta rungume Tahiratu kamar sun shekara da sanin juna. Ta taimaka mata ta zura hular kwano a kan ɗankwali, ta bayyana mata dokar 'yan koyo: ba mai wuce wani sai na gaba ya fito da hannu ta taga ya nuna masa.

Fita huɗu za a yi a yinin. Fitar farko kam, sai dai a rufa wa baiwar Allah asiri. Kowace kwana sai ta sa sigina. Malamar ta ce ba a sa sigina a nan, ta ce to, ta kai kwana ta gaba ta sake sawa. Dokar hannu kuwa ta yi mata daɗi ƙwarai: duk motar da ta bayyana a madubi sai ta miƙa hannu ta ba ta hanya, har tana ɗaga wa direban hannu a yi gaisuwa. Motoci goma sha ɗaya ne a rukuninsu, goma suka wuce ta, wasu sau biyu. A gangaren ta taka birki tana salati da ƙarfi, malamar tana ƙyalƙyala dariya tana cewa, "Da kyau, da kyau, dubi gaba, can inda za ki fita."

A fita ta biyu ta daina kallon hancin mota, ta fara kallon inda za ta. Kwanonin suka fara zuwa a jere yadda ta ƙirga su daga kan kujera. A ta uku, bayan azahar, ta sauko gangaren nan ba salati, motar ta kwanta ta riƙe kwalta, hanya ta miƙe fetal a gabanta.

"Yanzu!" in ji malamar. "Duka! Taka duka!"

Tahiratu ta danna totur har ƙasa. Injin da Ishawu ya shekara shida yana haɗawa ya buɗe murya, kujera ta tokare mata baya, iska ta cika motar. Ta ji wata ƙara a cikin hular, ashe ita ce take guɗa. Kai, daɗi! Shekara hamsin da biyu a duniya ba wanda ya gaya mata akwai irin wannan daɗin. Can gaba wani saurayi a baƙar mota ya fito da hannu ta taga ya nuna mata ta wuce, ta kuwa wuce shi.

Da aka ɗaga tutar tsayawa ta ajiye motar, ta hau tudun da hula a hannu. Tun daga nesa ta ga Gafaru yana yi mata alama da ido. Laima ta karkace. Ishawu ya turo kekensa har bakin dakali, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Wa ya ce ki sa giya ta huɗu a wurin nan?"

Ta tsaya cak.

"Tambayarki nake! Mota tana neman ta yi kuka, kin toshe mata baki. Sau uku! Ina kallo, sau uku!" Maganar tana fita a karkace, tana sarƙewa, amma ko a jikinsa. "Kuma ba ki ji tana tsallake ba in kin fito kwanar ƙarshe? Fulogi ne. Wa ya taɓa mini fulogi?"

Hawaye suka zubo wa Tahiratu, farin ciki ya kusa kayar da ita. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta riƙe ƙugu.

"Malamata ta ce daidai na yi."

"Malamarki ita ta haɗa motar?"

"Ni dai ban ji wani tsallake ba."

"Ina za ki ji, kina ta gaisawa da mutane ta taga! Gafaru, tura ni. Saura fita nawa?"

"Ɗaya, Masta. Ƙarfe huɗu."

"Akwai lokaci. Tura ni wajen motar, ka buɗe bonet, ka aro sifanar fulogi wurin mutanen can. Yi sauri mana, kai ma tura keke sai an koya maka?"

Suka gangara, Gafaru yana turawa yana dariya har kafaɗunsa na girgiza, Ishawu yana ta faɗa, ya gama da giya ya koma kan birki, ya gama da birki ya koma kan shinkafar da ya ce yaji ya yi mata yawa. Tahiratu tana tafe a gefen keken, hannunta a kafaɗarsa. Duk lokacin da ya tsaya shan iska, sai ta ce ita fa har yanzu gani take ta huɗun ce daidai.