Huda Arba'in a Akwatin Dogo

Ni na fara gane ciwon kwamfutar nan, kafin mai gyara, kafin duk 'yan bokon da suka yi ta latsa waya suna girgiza kai. Ni da ban taɓa zama a aji ba. Surukata, matar ɗana, ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na ce kada ta gyara min ko kalma ɗaya.

Dogo ɗana ne. Shekara goma sha bakwai yana jan tirela, har ranar da mota ta kwanta da shi, ta tafi da ƙafarsa ta dama. Wata tara yana ɗaki, fuska a bango. Ka yi sallama ya amsa da hanci. Ni gobara ta cinye shagona sau biyu, na yi ciwon huhu har an fara yi wa matata jaje, ƙarshe ni na binne ta. Duk na wuce su. Amma ban taɓa gajiya irin ta zaman ƙofar ɗakin nan ba.

Sai wani abokin tuƙinsa ya nuna masa wani wasa: mutum na zaune a gida yana jan tirela a kwamfuta, har da sitiyari. Ranar Dogo ya cinye abincinsa tas. Daga nan ya fara tara kayan haɗa kwamfuta na gwanjo ɗaya bayan ɗaya, yau fanka, bayan sati biyu katin hoto, yana shimfiɗa su a kan gado kamar mai baje koli. Akwatin da za a zuba su kawai ya rage.

"Baba, ko tsoho ne a samo min na ƙarfe."

"A gidan kafinta? Shekara hamsin ina haɗa akwati, sai ɗana ya sa kayansa a gwangwani?"

Ina da katako biyu da suka tsira daga gobarar farko, suna ƙarƙashin gadona tun kafin Dogo ya yi gemu. Kwana shida na yi a kansu, idona na ruwa, bayana na ƙara. Babu ƙusa ko ɗaya. Haɗin da ko tururuwa sai ta nemi izini. Na zuba ruwa a ciki ya wuni bai ɗiga ba, sannan na shanya, na fitar da 'yan kafofin waya daidai kaurin wayoyin.

Dogo ya haɗa kayansa a ciki, kwamfuta ta kama kuwa. Na ga titi a gilashi, na ga ɗana ya gyara zama ya ɗora gwiwar hannu yadda ya saba. Minti goma, ɗif, ta mutu. Aka kunna, ta sake mutuwa. Kwana huɗu ana haka.

Aka kira mai gyara. Ya cire murfi, ta yi awa guda ba ta ko tari ba. Ya kalli akwatin, ya kalle ni.

"Baba, akwatin nan kuwa..."

"Me akwatin ya yi?"

"A'a. Kyau ya yi, wallahi."

Ya mayar da murfi, ya sa takalminsa da sauri. Ko bakin titi bai kai ba ta mutu.

Dogo bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya tura sitiyarin gefe ya ce wa matarsa, "Kwashe ki sayar. Ni da tuƙi an gama." Ya juya bango.

Na ɗauko akwatin na fito tsakar gida na zauna, na rasa abin yi sai shafa shi. Zafi rau, kamar goshin mai zazzaɓi. Na kara kunne, fankar ta tsaya, amma na ji ta ɗazu tana haki. Wannan hakin na san shi. Lokacin ciwon huhuna wata uku na yi ina jan iska ba ta zuwa. Nan take na gane, ba wanda ya faɗa min. Surukata ta ɗaga biro wai ita ma ta so ta faɗa tun ranar farko. So ba faɗa ba ne, rubuta.

Na sa ta kwashe kayan ciki, na ɗauko abin huda na hannu. Hudar farko ta fi wuya. Katakon da wuta ta bari, ni na huda shi da hannuna, ashirin a gaba, ashirin a baya. Da na gama ya koma kamar rariya, ban so kallonsa ba.

Na shiga na ajiye a gefen gado. "Tashi ka mayar da kayanka, ni ban san kansu ba."

Sai da ya ja lokaci kafin ya juyo. Ya ƙirga hudar da ido, ya miƙa hannu ya ɗauki sukuddireba.

Ranar awa uku ya yi a hanya. Da na leƙa, ko waiwaye bai yi ba ya ce, "Baba, matsa, kana tare min madubi."

Ƙafa ba ta dawo ba, ni ma bayana bai daina ciwo ba. Amma duk wanda ya ce ba ni na gano ba, ƙofa a buɗe take. Ya zo ya toshe hudar nan arba'in da yatsunsa, mu ga minti nawa za ta yi.