Kwanon da 'Yardada Ta Ture

Ranar Litinin bayan azahar 'Yardada ta dawo daga makaranta ko sallama babu. Ta ajiye wa mahaifinta takarda a kan shaddar da yake yankawa a zaure, ta shige cikin gida. Malam Isyaku tela ya bi ta da kallo. Shekararta bakwai, bakwaini aka haife ta, kuma tun daga lokacin ko tari ta yi sai ya tsayar da keke.

Takardar daga Malama Sa'adiyya ce, malamar ajinsu. Ya bi ta da yatsa har ƙarshe. An cire 'Yardada daga bikin Ranar Ƙasashen Duniya da za a yi ran Alhamis, kuma ana son ganinsa gobe.

Ya ɗaga kai ya dubi rigar da ke rataye a bango. Malamar ta raba wa yara ƙasashe, kowa zai yi shigar mutanen wata ƙasa ya gaishe da iyaye da harshensu. 'Yardada Indonesiya ta samu. Mako uku tana cika musu gida da "terima kasi", wai na gode ke nan, ko ruwa aka miƙa mata. Shi da kansa ya ɗinka rigar daga hoton wayar malamar, sau biyu yana warware hannun. Daga cikin gida yana jiyo kukanta, ƙasa-ƙasa, irin wanda ba a so a ji.

Da safe ya isa makarantar, can wajen Ƙofar Kabuga, tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Katon taswirar duniya ya rufe rabin bangon ajin.

"Malama, me yarinyar nan ta yi? Sata?"

"Zauna mana, Malam."

"A tsayen ma ina ji."

Malama Sa'adiyya ta gyara mayafinta. "Jiya na sa kowane yaro ya zo da abincin gidansu, a yi musaya. Fatima Kyari ta miƙa wa 'yarka burabusko, abincinsu na Barebari. 'Yarka ta ture kwanon ya kife a ƙasa, ta ce Barebari bayinsu ne, ba ta cin abincin bayi."

Isyaku ya yi wata dariya mara daɗi. "Shi ke nan? Ke ba 'yar Kano ba ce? Mu Fulani ne, su Barebari. Wasa ne tsakaninmu tun kaka da kakanni. Su ce mu bayinsu ne, mu ce su namu ne. Kin cika bango da ƙasashen da ba za ki taɓa zuwa ba, ga al'adar ƙofar gidanku ba ki sani ba."

"A Soron Ɗinki aka yanke min cibi, Malam, na san wasan Fulani da Barebari. Wanda na sani, dariya ake yi a ƙarshensa. Fatima kuwa kuka ta yi tana kwashe tsaki da hannu a ƙasa."

"To a yi mata bulala biyu mana a wuce wurin! Sai a hana ta abin da ta sa rai a kai?"

"Ba na duka. Kuma yarinyar da ta kasa karɓar kwanon maƙwabciyarta ba za ta tsaya gaban mutane da sunan wata ƙasa ba. Ka ce wasa ne? Kawo min mahaifin Fatima gobe. In ya ce wasa ne, zan ba ka haƙuri, ta sa rigarta."

Ya fito yana huci, amma tun kafin ya tari adaidaita ya tuna ko wane ne mahaifin Fatima. Malam Kyari mai wankin hula, katanga ɗaya ce tsakaninsu a Madabo. Shekara uku ke nan ko gaisuwa ba sa yi. Kyari ne ya ɗora bene, ya juyo da indararonsa, duk damina ruwan yana zuba a kan katangar ƙasar Isyaku yana zaizaye ta. An je gaban mai unguwa sau biyu, ba abin da ya canja.

Da hantsi ya tsaya a ƙofar zauren Kyari. Huluna jere a rana, kowace a kan katakonta. Kyari yana durƙushe yana goga wata da burushi.

"Salamu alaikum."

Kyari ya amsa ba tare da ya ɗago ba. "Katangar ce ta faɗi?"

"Maganar yara ce."

"Au, kana da labari ashe."

"Malamarsu tana son ka je gobe ka gaya mata wasa ne. Wasan da ke tsakaninmu da ku."

Sai a lokacin Kyari ya ajiye burushi. "Wasa? Isyaku, yaushe rabon da ka yi min wasa? Da can in na wuce kana ɗinki, cewa kake ga bawana nan, zo ka riƙe min zare. Ni kuma in ce ɗan Fillo, ina ka baro shanun ubangidanka. Mu yi dariya, ka zuba min shayi. Yau shekara uku ko a sahun masallaci kafaɗarka ba ta taɓa tawa."

"Ka gyara indararonka ka gani."

"Ka yi wa katangarka siminti kamar kowa."

"Ruwanka ne, ba nawa ba!"

"Ruwan Allah ne! To ka zo roƙo ne ko faɗa?"

Isyaku ya sassauta murya. Masu wucewa sun fara rage tafiya. "Yarinya ce, Kyari. Ba ta ci komai ba tun jiya."

"Tawa fa? Ya Kaka, tsohuwata, ita ta tashi tun asuba ta turara burabuskon nan da hannunta mai rawa. Fatima ta dawo da kwano duk ƙasa." Ya sake ɗaukar burushinsa. "Zan je. Amma ban ce maka ga abin da zan faɗa ba."

Isyaku ya wuni yana ɓata ɗinki. Wuyan riga ɗaya sau uku yana farke shi.

Ran Laraba, lokacin tara, yara suka fita aka bar su biyar a ajin: malamar, iyayen biyu kowa a ƙarshen benci, da yaran biyu a tsaye gaban taswira.

"Malam Kyari," in ji malamar, "Malam Isyaku ya ce abin da ya faru wasan Fulani da Barebari ne. Haka ne?"

"Ba wasa ba ne."

Isyaku ya miƙe. "Ka gani ko? Dama don ka tozarta ni ka zo!"

"Zauna ban gama ba. Malama, yarinyar nan a kan idona ta girma. Ba ta san bawa ba, ba ta san ɗa ba. Ki tambaye ta inda ta ji."

Malamar ta sunkuya. "'Yardada, wa ya gaya miki ba a cin abincinsu?"

Yarinyar ta dubi mahaifinta. Ya ga tana neman abin da za ta faɗa wanda ba gaskiya ba, don ta rufa masa asiri.

"Bar ta," ya ce. "Ni ne. Da Babbar Sallah Ya Kaka ta aiko mana da abinci. Na ce a mayar, ba ma cin abincin bayi. Tana tsaye, ita na ba kwanon ta mayar."

"Kana dariya lokacin da ka faɗa?" in ji malamar.

"A'a."

Kyari ya kawar da kai wajen taga.

"To ni dai ga nawa," ya ce. "Kada a hana yarinya biki saboda bakin ubanta. In cirewa za a yi, shi za a cire."

"Ba ni da ikon cire iyaye," in ji Malama Sa'adiyya, "kuma ba kai aka zubar wa abinci ba. Fatima, ke za ki faɗa. Ta yi bikin ko kada ta yi?"

Fatima ta daɗe tana murza bakin hijabinta. "Ta yi. Amma sai ta ci. Shi ma Babanta sai ya ci."

Ta je ta ciro kwano daga jakarta, wanda gefensa ya lotsa tun ran Litinin, ta buɗe ta ajiye a kan benci tsakanin mutanen biyu. Burabusko ne da miyar kuka. 'Yardada ta matso ta sa hannu, ta kai baki, idonta a kan mahaifinta.

Isyaku ya dubi kwanon, ya dubi Kyari da ya harɗe hannuwa yana jira. Ya naɗe hannun rigarsa, ya yi bismillah, ya ɗebi loma. Yaji ya sarƙe shi, ya kama tari har da hawaye.

"A hankali, ɗan Fillo," in ji Kyari, fuskarsa a ɗaure. "Ba nono ba ne."

Isyaku ya goge ido da bayan hannu. "Maganar indararo tana nan."

"Tana nan."

'Yardada ta haɗiye lomarta, ta juya wajen Fatima, ta ce a hankali, "Terima kasi."

"Gobe ƙarfe tara," in ji malamar tana tattara littattafanta. "A goge mata rigar."