Tsohuwar Bakin Gada

Daminar 2009 ba ta yi ba, a watan Fabrairu kuma sojoji suka karɓi mulki. Daga nan aikin Illo ya koma ƙidayar gawar shanu. Mutumin Tahoua ne, shekararsa hamsin da biyu, rabinsu ya yi su a biro guda, ofishin da ke kula da kiwo a Yamai. Kullum rahoto na zuwa daga daji, shi kuma ya tattara ya buga ya miƙa sama. Idan ya koma gida Banifandou ko tuwo ba ya iya cinyewa.

Wata Alhamis sabon shugaban biron ya ce a kwashe tarkacen da ke cikin magaza, ɗakin ajiyar kaya, za a zuba buhunan dusa. Illo na wucewa ya ga Abdulaye mai gadin magaza yana jan wata tsohuwar kwamfuta da igiyarta kamar akuya. Farinta ya koma ruwan ƙasa. A gefenta akwai tabon sigari da Illo ya sani, domin abokinsa Shu'aibu ne ya yi shi.

"Ina za ka kai ta?"

"Juji, Malam Illo. Patron ya ce duk abin da bai motsi a fitar."

Cikin kwalin da ke biye da ita ya tarar da disket biyar ɗaure da roba. Ya tsaya da su a hannu har Abdulaye ya tambaye shi ko lafiya.

A 1992 wasu Turawan proje masu aikin tallafi ne suka tafi suka bar na'urar, da wani wasa a cikinta. Labarin wani mai kai wasiƙa ne da jirginsa ya fashe a bakin tsibiri, dole ya kai takarda ɗaya ga mai tsaron fitilar teku. A allon, mai kai wasiƙar bai fi ɗan yatsa tsawo ba, fuskarsa ɗigo huɗu. Kai za ka rubuta masa da Faransanci: ɗauki igiya, leƙa rijiya, gaida masunci. Illo da Shu'aibu sun yi wata bakwai suna bin sa lokacin hutun rana, suna cin dambu a gaban allon, suna zana taswirar tsibirin a bayan takardun biro. Suka kai wata gada inda wata tsohuwa ta tare hanya. Sun ba ta kifi, sun ba ta makulli, sun ba ta fitila, har zaginta Shu'aibu ya rubuta. Amsarta ɗaya ce: "Ba yanzu ba." Daga baya aka canja wa Shu'aibu wurin aiki, wasan ya tsaya nan.

Yanzu shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Shu'aibu na dama ya shanye. Yana zaune a gidansa a Gamkalley, magana tana fita da ƙyar. Illo ya je gaishe shi sau uku, kowane zuwa ya rasa abin faɗi, sai ya daina zuwa, abin yana cin sa.

Ran Asabar da safe ya saka kwamfutar a bayan taksi.

Hajiya Lami, matar Shu'aibu, ta tarbe shi a zaure. "Malam Illo, ashe kana garin?"

"Ina nan, Hajiya. A yi mini afuwa."

"Wannan kuma mene ne ka kwaso mana?"

Shu'aibu yana kan kujerar roba ƙarƙashin rumfa. Ya dubi na'urar, ya dubi tabon sigarin, gefen bakinsa mai rai ya ɗaga.

"Tso... tsohuwa," ya ce.

Ɗiyarsu Balki, wadda ke aiki a wani siber, shagon intanet, a Yantala, ita ta hure ƙurar ta haɗa wayoyin. Na'urar ta yi gurnani, ta yi tari, allon ya kawo teku shuɗi da wani kiɗa mai kama da kukan gyare. Balki ta ƙyalƙyale da dariya.

"Tonton, wannan ne wasan? A wurinmu samari harbi suke yi, mutum kamar ka taɓa shi."

"Mun ji harbin gaske ranar juyin mulki, Balki, ya ishe mu. Nan ba mai korar ka. Ka duba, ka yi tunani, in ka gaji ka tashi, gobe ka tarar da shi inda ka bar shi."

Taswirar ta ɓace tuntuni, sai suka faro daga bakin teku. Asabar huɗu suka yi. Kuran, wutar lantarki, yakan ɗauke a tsakiyar wasa, su zauna cikin zafin Afrilu suna fifita da kwali, suna kallon masu lambu na jan ruwa daga kogin da ya ja baya ya bar yashi. Illo ya manta kusan komai. Shu'aibu kuwa, da ba ya iya kiran sunan jikarsa sai ya yi ta lalube, yana tune da cewa makullin yana cikin takalmin masunci. Yakan buga sandarsa a ƙasa idan Illo ya bi hanyar da ba ita ba.

A Asabar ta biyar suka iso gadar. Tsohuwar tana nan da sandarta, ba ta ƙara tsufa ba.

"Baba, in duba muku a intanet? Minti biyu ne," in ji Balki.

Shu'aibu ya girgiza kai da ƙarfi har hularsa ta zame. Ya nuna a matso masa da na'urar. Da hannun hagu ya fara neman haruffa. Ya danna ɗaya, ya goge. Ya tsaya yana huci, yana kallon maɓallan kamar an sake musu wuri. Illo ya so ya karɓa, ya ga idon abokinsa, ya mayar da hannunsa aljihu. Minti ɗaya ya wuce ba a taɓa komai ba, na biyu ya wuce, na uku.

Sai mai kai wasiƙar ya ajiye jakarsa da kansa, ya zauna a ƙasa kusa da tsohuwar. Rubutu ya fito. Illo ya karanta a fili yana juyawa zuwa Hausa saboda Hajiya Lami: kowa da ya zo gadar nan sauri yake yi, in ji tsohuwar, kai ne na farko da ya zauna. Ta ba shi labarin ɗanta da teku ya ci, ta matsa gefe.

Shu'aibu ya yi wani sauti da Illo ya ɗauka kuka ne. Dariya ce, ta ɓari guda, hawaye na bin kumatunsa.

"Wata bakwai," in ji Illo. "Wata bakwai muna cusa mata kifi."

Ran Litinin a biro aka ba Illo takardar tafiya. Za ya bi ayarin motocin dusa zuwa arewacin Tahoua, ba a faɗi ranar dawowa ba. Sati bakwai ya yi. Ya ga makiyayi yana yanka saniyar da ba ta iya tsayuwa, ya ga rijiyoyin da guga ke dawowa da laka. Ya yi zazzaɓi sau biyu. Da ya dawo sai da ya ƙara wa bel ɗin wandonsa huda.

Washegari da hantsi ya tafi Gamkalley. Kwamfutar tana cikin ɗaki an lulluɓe ta da zane. Balki ta gaishe shi tana sunkuyar da kai.

"Tonton, mun gama shi. Baba ya ce a jira ka, muka jira sati uku. Sai likita ya ce hawan jininsa ya tashi, Baba kuma ya ce bai san ko zai kai dawowarka ba. Yana faɗa ina bugawa."

Illo ba shi da ƙarfin yin fushi. Ya zauna a kan tabarma ya jingina da bango.

"To, Shu'aibu, mutumin namu ya kai wasiƙar?"

Shu'aibu ya gyara zama. Ya fara daga bayan gada, kalma ɗaya ɗaya, yana hutawa tsakani: akwai kurmi, akwai wani kare da sai an ba shi ruwa, akwai matakala ɗari da ta karye a tsakiya. Tun da ciwon ya same shi Hajiya Lami ba ta ji ya yi magana mai tsawon haka ba, ta fito daga madafa ta tsaya da ludayi a hannu.

Bai kai ga fitilar ba Illo ya yi barci, bakinsa a buɗe, takalmi ɗaya a ƙafa. Balki ta miƙa hannu za ta tashe shi, mahaifinta ya hana ta da sanda. Ya nuna mata fanka, ta juya ta wajen baƙon.