Alli a Yatsun Kaka

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Na fara na yaga, na sake farawa na yaga, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko a baki ba mai magana ba ce. A gidanmu Rediyo ake ce mini. Kaka ne ya laƙaba mini, wai tun da aka sayo ni bai taɓa jin na kama tasha ba. Wata nas ce ta matsa mini, ta ce in rubuta ko wani gidan zai amfana.

Kaka mahaifin babana ne, kuma tela ne tun kafin a haifi duk wanda na sani. Babana ya rasu ina ƙarama, sai Gwaggo ta riƙe ni. Gida ɗaya muke da ita da Kaka da Baffa. Da hawan jini ya kama Kaka, Baffa ya rufe shagon, ya sa aka kai keken ɗinkin sito a bayan gida.

"Muna raye kana taka keke?" in ji Baffa. "So kake gari ya zage mu?"

Mabuɗin siton kuwa a hannuna yake, don ni ke shara.

Kullum in ya karya kumallo sai ya ja bargo ya ce kada wanda ya tashe shi. Baffa ya tafi ofis, Gwaggo ta tafi rumfarta a kasuwa. Da an rufe ƙofar gida sai in ji murya daga cikin bargo.

"Rediyo, maƙiya sun tafi?"

Sai mu shiga sito. Ni ke sa masa zare a allura, don idonsa ya daina ganin kafar. Sauran aikin nasa ne. Yana zana layi da farin alli, ya yanka, ya taka keken da ƙafa ɗaya yana ƴar waƙarsa. Duk rigar da ta yage a cikin wanki a nan take warkewa. Rigunan Baffa da wani sabon tela ke ɓata wa wuya ma, Kaka ne ke farke su ya gyara. In Baffa ya sa rigar sai ya ce, "Telan nan nawa hannunsa ya fara faɗawa." Kaka ya yi tari a cikin kofin shayi.

Akwai makaranta a bayan katangarmu. In aka kaɗa ƙararrawar tashi, Gwaggo na hanya ke nan. Sai mu rufe keke da tsohon zane, Kaka ya koma cikin bargo.

"In kika faɗa," yakan ce, "na cire ki daga jikokina, na sa akuya a madadinki. Ita ko kuka tana yi."

Ranar da abin ya faru haka muka yi. Ƙararrawa ta buga, ya miƙe da ƙafarsa, ya ce mini gobe in tuna masa da aljihun wandon Baffa. Ina kicin na ji salatin Gwaggo. Ta kai masa abinci ta same shi bakinsa ya karkace, hannun dama ya zube a gefen gado kamar ba nasa ba. Yana kallonmu, yana son magana, ba abin da ke fita sai gurnani.

Mun san wannan ciwon a gidanmu. Shi ya kwantar da Inna, matar Kaka, shekarun baya. Ina tuna ƙamshin man da ake shafa mata, da yadda ake juya ta kamar jaririya har Allah ya karɓi abarsa. A lokacin an gaya wa Baffa cewa akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar kai, amma ba a yi wa mai shekarunta. Bai taɓa mantawa ba.

Shi ya sa da aka kira shi daga ofis muka sa Kaka a mota, yana tuƙi gumi na zuba masa, ya ce, "Ku saurara. Duk wanda aka tambaya, shekarunsa sittin da takwas."

"Yaya, ƙarya a gaban marar lafiya?" in ji Gwaggo.

"Ke dai ki ce sittin da takwas. In zunubi ne na ɗauka."

A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Suka tura Kaka ɗakin hoton kai, suka dawo da shi bayan wani labule shuɗi, nas ta ɗaura masa abin awon jini. Likitar mace ce, gajera, takalminta ya sha yawo. Ta tambayi shekarunsa.

"Sittin da takwas," in ji Baffa, da ƙarfi fiye da kima.

Ta dubi furfurar gemun Baffa. "Baba, kai fa?"

"Sittin da ɗaya," in ji Gwaggo, kafin ya buɗe baki.

"Ikon Allah. Ashe yana ɗan shekara bakwai ya haife ka."

Nas ta juya baya kafaɗarta na rawa. Baffa ya cire hula ya mayar. Sai ya gaya mata maganar Inna.

Likita ta daina murmushi. "Allah ya ji ƙanta. A da haka ake yi, ana tsoron jikin tsoho ba zai ɗauka ba. Daga baya aka gwada, aka ga su ma suna amfana. A ɗakin nan yawancin waɗanda nake yi wa masu furfura ne. Hotonsa ya nuna ba jini ne ya zuba ba, toshewa ce. Yana shan maganin tsinka jini?"

"Na hawan jini kawai," in ji Gwaggo.

"Madalla. Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Allurar nan tana da wa'adi, awa huɗu da ɗan abin da ba a rasa ba. In ya wuce, cutarwarta ta fi amfaninta. Yaushe aka gan shi lafiya ƙalau, gani na ƙarshe?"

"Da sassafe," in ji Gwaggo. "Ya karya, ya kwanta. Kullum haka yake, barci har in dawo."

"Tun safe ba wanda ya ji maganarsa?"

"Babu," in ji Baffa. "Ba ma barin a dame shi."

Likita ta dubi agogon bango, ta sauke numfashi. "To ba zan iya ba. Wataƙila tun safen ya same shi a cikin barci."

Ina tsaye a jikin labule, riƙe da takalman Kaka. Na san in na yi magana Baffa zai ce ni na kashe masa uba da keke. Na san kuma na yi wa Kaka alkawarin ba zan faɗa ba. Na dubi Kaka. Idonsa ɗaya a kaina yake, ban gane ko yi shiru yake cewa ko faɗi ba. Hannun daman nan na kwance a kan farin zanen gado, tafin yana sama.

"Ba barci yake ba," na ce.

Ba wanda ya ji. Likita har ta fara juyawa. Sai na sake faɗa, da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba.

"Ba barci yake ba! Ɗinki yake yi."

"Ke Rediyo, wane irin ɗinki?" in ji Gwaggo.

"A sito. Kullum. Ni ke buɗe masa." Na kasa kallon Baffa, sai na kalli rigarsa. "Har wuyan rigar nan ta jikinka, Baffa, shi ya gyara."

Baffa ya kai hannu wuyansa.

Likita ta matso kusa da ni, ta rage murya. "Ƙanwata, yau kin ji maganarsa daidai? Ya yi tafiya da ƙafarsa? Har zuwa yaushe?"

"Har aka tashi ƴan makarantar bayan gidanmu. Ya ce in tuna masa da aljihun wando."

Ta ɗaga hannun Kaka ta duba. Ga farin alli nan a babban yatsa da manuni, ga guntun baƙin zare a hannun rigarsa. Ta sake duban agogo.

"Muna cikin lokaci, amma ba da yawa ba." Ta fuskanci Baffa. "Ba zan ɓoye maka ba. Wasu in an yi musu jini kan zuba a kansu, abin ya fi da muni. Wasu ba sa ganin canji. Wasu kuma hannu da baki su dawo. Me ka ce?"

Baffa ya daɗe yana kallon yatsun nan masu alli. "Keken ne ya jawo masa?"

"A'a. Jijiya ce da shekaru."

"A yi masa. Bismillah."

Ta jijiyar hannu aka sa maganin, yana ɗiga a hankali kamar ƙarin ruwa. Nas ba ta matsa ba. Bini-bini ta auna jini, ta haska idonsa, ta ce ya matse mata yatsa. Ta hana a ba shi ko ruwa sai an gwada haɗiyarsa. Gwaggo na jan carbi. Baffa ya juya mini baya, ni kuma na gwammace ya yi faɗan a huta.

Wajen magariba nas ta sake cewa, "Baba, matse." Sai na ga babban yatsa ya motsa ya taɓa manuni, kamar mai riƙe alli. Kaɗan ne ƙwarai. Gwaggo ta saki carbi. Bakin Kaka ya yi ta kokawa, yawu na zuba, idonsa a kaina.

"A... ku... ya," ya ce.

Ba wanda ya gane sai ni. Na fashe da dariya da kuka a haɗe, har nas ta ce in fita waje in ƙarasa.

Likita ta ce kada mu yi saurin murna. Za a sake hoto gobe, kuma hannun zai buƙaci motsa jiki na watanni, wataƙila ba zai koma kamar da ba. Ta ce a samo masa abin da yatsun suka saba yi. Baffa ya gyaɗa kai kawai. A mota da za mu koma gida ya yi gyaran murya ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ashe shi ya sa telan nawa ke kallona kamar mahaukaci in na yaba masa."

Washegari da safe ban jira kowa ya fita ba. Na ɗauki mabuɗi a gaban Gwaggo na buɗe sito. Keken ya fi ƙarfina, sai na je na ƙwanƙwasa ƙofar Baffa, abin da ban taɓa yi ba, na ce ya zo ya kama mini. Muka kai shi ɗakin Kaka, bakin taga inda haske ya fi. Na goge shi, na ɗiga masa mai, na sa zare a allura. Sannan na naɗe guntun allin a cikin ƙyalle, na ɗauki wandon nan mai yagaggen aljihu, na shiga gaban mota.