Gwiwar Mai Tayil

Mutumin da ake kira Gwani mai shimfiɗa tayil ne, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba. In ya gama maka ɗaki, ko ruwa ka zuba a tsakiya sai ya rasa inda zai gangara. Sai dai akwai taurin kai, Allah ya shirya. Tun yana saurayi yake aiki a durƙushe a kan tsurar siminti, kuma duk abokin aikin da ya yanko soso ya ɗaura a gwiwa, ranar sai ya sha tsiya. "Kai amarya ce?" in ji Gwani. "Gwiwa ai sabawa take yi." Haka ya tarar ana faɗa a sana'ar, haka shi ma ya yi ta faɗa.

To, gwiwar ba ta saba ba, cinyewa ta yi. Da farko in ya tashi da safe sai ya ji ta sage, sai ya ɗan taka ta sake. Daga baya ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta kumbura, ta yi zafi. Maganinsa ɗaya ne, ya biya kemis ya sayi ƙwayoyin kashe ciwo ya watsa a baki, ya koma ya durƙusa.

'Yarsa Auta ce ta ja shi wurin likitan ƙashi, da kuka da magiya. Likita ya ɗaga hoton gwiwar ya nuna masa.

"Baba, ka ga nan? Akwai guringuntsi tsakanin ƙashin sama da na ƙasa, shi ke hana su gugar juna. Naka ya zaizaye. Durƙuson shekara da shekaru, da hawa bene da kwalin tayil a ka, ga tsufa, ga kuma wannan." Ya nuna tumbinsa yana murmushi.

"Sai a ba ni allura in koma aiki."

"Abin da ya zaizaye ba ya dawowa, amma ana iya lallaɓa sauran. Ka daina durƙuso. Ka rage nauyi. Ka riƙa tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, in kana zaune ka riƙa miƙe ƙafar kana sauke ta, don naman cinya ya yi ƙarfi ya ɗauke wa gwiwa kaya. In ta sage ka gasa da ruwan ɗumi, in ta kumbura ta yi zafi ka sa ƙanƙara a tsumma. Ƙwayoyin nan kuma ka daina cinsu kamar gyaɗa, suna ɓata ciki da ƙoda."

Gwani ya ce to, irin to ɗin da ke shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Ana cikin haka ciwon da ya daɗe yana cin matarsa ya kayar da ita. Aka kwantar da Maman Auta a wani tsohon asibiti, ɗakin mata can a hawa na sama, ba wata hanya sai matakala. Ranar farko Gwani ya hau yana cije baki, ya zauna a gefen gadonta har yamma. Da ya dawo gida gwiwoyin suka yi suntum, ya yi kwanaki ko banɗaki sai da sanda.

A kwancen nan ne ya ƙura wa daɓen ɗakinsu ido, kunya ta rufe shi. Siminti ne tsohon yayi, ya tsage ta ko'ina, kullum sai matarsa ta share ƙura. Mutumin da ya ƙawata gidajen rabin gari! Tun suna da ƙuruciya yake ce mata, "In na gama aikin nan, naki ne na gaba." Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Matar Gwani a kan siminti, ai ko a kasuwa ba a ba da wannan labari." Ba ta taɓa matsa masa ba. Ga ragowar tayil nan jibge a bayan ɗaki, wanda ya yi ta tarawa daga wuraren aiki, fari da ruwan ƙasa da mai zanen itace.

Sai ya yi lissafi irin na masu sana'a. Ɗan abin da ya rage a gwiwar nan ba zai ishi bene da ɗaki ba, dole a zaɓi ɗaya. In ya ƙarar da shi a matakala, me zai kai mata? Zama da sannu kawai, kuma a ganinsa sannu ba aiki ba ce. In kuwa ya ƙarar da shi a ɗaki, ranar da aka sallame ta za ta sako ƙafa a kan tayil mai sanyi, ta san bai yi mata ƙarya ba. Kaico, ya zaɓi ɗaki.

Ya fitar da gado da akwatuna, ya ja igiyar awo, ya kwaɓa siminti a kwanon sarki, ya fara daga lungun da ya fi nisa da ƙofa kamar yadda ake yi. Wannan karon har soso ya yanka daga tsohuwar katifa ya ɗaura, yana yi yana jin haushin kansa. Aikin da a da zai cinye kafin azahar, yanzu layi guda sai ya kai shi yamma. Ya shafa siminti, ya ɗora, ya bubbuga da gudumar roba, ya tsaya ya yi nishi.

Auta ce ke jinyar uwar, takan zo da rana ta ɗauki kaya.

"Baba, tana tambayarka."

"Ki ce mata ina nan tafe. Kada ki faɗa mata abin da nake yi."

Bayan kwana biyu ta sake zuwa. "Baba, yau ma ta ce in duba matakala ko kai ne. Duk wanda ta ji yana hawowa a hankali sai ta ce ga Babanki nan."

"Saura kaɗan, Auta. Dubi, na wuce rabi."

"Ita fa ba tayil ta tambaya ba."

Ya yi mata tsawa, ya ce yaushe aka haife ta da za ta koya masa zama da uwarta. Ta ɗauki kayan ta fita tana share ido. Shi ma da ta tafi sai da ya yi hawaye, don yana son matar nan kamar ransa, kawai dai bai iya nuna so da komai ba sai da hannunsa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ya kwaɓa sabon siminti ke nan. Auta ta shigo ko sallama babu.

"Baba, tashi. Likita ya ce duk wanda zai gan ta ya zo yanzu."

Ka san abin da ya fara fitowa daga bakinsa? "Simintin zai bushe." Shi kansa da ya ji maganar sai da ya tsani bakinsa. Ya yar da guduma, ya dafa ƙasa zai miƙe, gwiwar dama ta ce ba ta san zancen ba. Ta ƙage a lanƙwashe, wani zugi ya harba masa har ƙugu. Ya sake yunƙurawa ya faɗi a kan kwanon sarki, siminti ya wanke masa riga da fuska. Sai da Auta ta kira maƙwabci suka ciccibe shi zuwa mota, ko wanke hannu bai yi ba.

A gindin matakalar asibiti maƙwabcin ya ce bari a nemo masu ɗaukarsa. Gwani ya ce ba zai jira kowa ba. Ya zauna a kan matakalar, ya juya baya, ya riƙa tura jikinsa sama da hannuwa yana jan ƙafafun, mutane na raɓawa suna kallon dattijo fari fat da siminti yana hawa bene da mazaunai. Bai ga kowa ba. Addu'arsa ɗaya ce, Allah ya sa ya same ta da rai.

Ya same ta da rai. Ta rame ta zama kamar yarinya a cikin zanin gado, idonta biyu, tana kallon ƙofa. Aka zaunar da shi a kujera, ya kamo hannunta.

"Maman Auta, ga ni. Na zo."

Ta dube shi tun daga gashin da ya daskare da siminti har zuwa soson da ke ɗaure a gwiwarsa. Ta daɗe tana kallo. Wata mai jinya a gadon kusa ta raɗa wa Auta cewa tun da Autar ta fita hankalin uwar ya fara gushewa.

A hankali Maman Auta ta zare hannunta, ta gyara mayafinta kamar yadda take yi in baƙo ya shigo.

"Auta, ga mai aiki ya zo, ki ba shi ruwa, da gani ya gaji."

"Mama, Baba ne fa."

"Bawan Allah, ka yi haƙuri," ta ce masa cikin ladabi, ta mayar da idonta ƙofa. "Maigidan ba ya nan. Ni ma shi nake jira."